Ƙarfe Ba Ya Warkewa da Kansa

Auta tela ne, shagonsa na bakin kasuwa, tsakanin mai sayar da fenti da mai gyaran fanka. Shi ne ƙarami a gidansu, sunan kuwa ya bi shi har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Da mahaifiyarsu ta rasu, sai ya dawo da Baba gidansa, ya gyara masa ɗakin da ke kusa da ƙofa.

Baba magini ne a da, ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa, irin wanda in ya tsaya a bakin ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Ciwon gwiwa ya raba shi da hawa tsani, amma bai raba shi da son wurin aiki ba. Kullum da safe Auta yakan goya shi a babur ya sauke shi a wurin masu buga bulo, inda tsofaffin abokan aikinsa suke zama a inuwa suna kushe ginin 'yan zamani. Da yamma ya biyo ya ɗauke shi.

A cikin wannan kai da komo ne babur ɗin ya fara wani kuka. Wata rana sarƙarsa ta tsinke a hanya, wani mai gyara na bakin titi ya sa masa sabuwa, bayan nan da 'yan kwanaki Auta ya soma jin gurnani daga ƙasa, wajen ƙafarsa ta hagu. Ba ƙara ba ce mai tayar da hankali. Gurnani ne ƙasa-ƙasa, kamar na kare yana yi wa baƙo kashedi, in gudu ya ƙaru shi ma ya ƙaru.

"Dokin naka yana ƙorafi," in ji Baba daga baya.

"Ku ne kuka yi masa nauyi, Baba."

"To ka sayo mota mana, ɗan rowa."

Suka yi dariya, babu wanda ya ɗauki maganar da wani muhimmanci.

Mijin yayar Auta bakanike ne, yana da gareji a bayan tashar mota. Mutum ne mai jiki, ga tumbi, ga sanyin hali, ba ya taɓa sufana sai ya gama tambaya. Auta ya kai masa babur ɗin. Bakaniken ya hau ya zaga layin ya dawo. Ya tsayar da babur ɗin a kan ƙafar ƙarfensa ta tsakiya, ya juya tayar baya da hannu, ya girgiza ta ko boris ya ci. Ya tayar da injin, ya dafa bakin sukudireba a jikinsa, ya kanga kunne a kan ƙotar, ya yi shiru kamar likita.

"Lafiyarsa ƙalau. Yaushe yake yi?"

"Da safe, Yaya. Wani lokaci da yamma. Da rana kuwa ko tari ba ya yi."

"Na safe sai in ce sanyi ne. Na yamma fa?" Ya goge hannu da tsumma. "Babur kamar yaro yake, in an kawo shi gaban likita sai ya warke. Ran da ya fara, kada ka kashe shi, ka zo mini da shi yana kukan."

Auta ya ce to. Amma lokacin da babur ɗin ke kuka, ko dai yana sauri ya buɗe shago, ko kuma ya gaji yana son ya kai tsoho gida. Yau da gobe, ɗinki ya yi yawa, kunne ya saba. Watanni suka shuɗe. Gurnanin ya riƙa raguwa, yau a ji shi a kan gada kawai, gobe sai an faɗa rami, har wata safiya Auta ya lura ya daɗe bai ji shi ba. Ya ji daɗi a ransa, ya ce Allah Ya raba shi da wahala.

Da ya je canjin baƙin mai, sai ya tsokani mijin yayar tasa.

"Yaya, ciwon da ya gagare ka ya warke ba magani."

Bakaniken yana tsugune, ya ɗago kai. "Wane ciwo?"

"Gurnanin nan. Ya daina."

"Wa ya taɓa shi?"

"Ba kowa."

"Auta, ƙarfe ba ya warkewa da kansa. Mutum ne ke kwanciya da zazzaɓi ya tashi garau. In ka ji ƙarfe ya yi shiru, ko dai abin da ke cin sa ya gama cinyewa, ko kuma wani abu ya canza ba ka lura ba." Ya jawo benci da ƙafa. "Zauna. Lokacin da yake yi, in ka matse kuloci babur na gangarawa, kukan yana tsayawa?"

Auta ya yi tunani. "Ba ya tsayawa."

"In kana tsaye ka murza totur fa?"

"Shiru."

"To ba injin ba ne, mun sallame shi. In ka canza giya, muryar tana canzawa?"

"A'a. Gudu kawai take bi."

"Saura daga sarƙa zuwa taya. Ka ce safe da yamma. Me kake yi safe da yamma da ba ka yi da rana?"

"Ba komai. In kai Baba, in ɗauko Baba."

Bakaniken ya dube shi ya girgiza kai. "Ka ga irinta ko? Da ka faɗa mini haka tun farko, da tuni an wuce wurin. Hau."

Auta ya hau. Bakaniken ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya zauna a bayansa, babur ɗin ya nutse. Ko ƙarshen layin ba su kai ba gurnanin ya taso, shi ɗin dai, ba ragi, kamar bai taɓa tafiya ko'ina ba. Auta ya ji shi har cikin tafin ƙafarsa.

Da suka dawo, bakaniken ya kira mai facin taya na kusa da shi, wani jibgegen mutum, ya roƙe shi ya zauna a bayan Auta. Shi kuma ya durƙusa ya cire marfin sarƙar.

"Sunkuyo ka taɓa."

Auta ya miƙa hannu. Sarƙar ta ɗaure tamau kamar tsirkiyar baka, yatsa ba ya motsa ta. Mai faci ya sauka, babur ya ɗago, sai ga ta ta saki, tana ɗan lilo.

"Wanda ya sa maka ita ya ɗaure ta ba kowa a kai, kuma ya ɗaure da yawa. In kai kaɗai ne, da sauran wuri. In nauyi ya danne baya, sai ta miƙe ta riƙa jan boris ɗin da ke bayan ƙaramin faranti mai haƙora. Kukan da kake ji ke nan. Allah Ya taimake ka bai ci ba tukuna."

Ya ɗauko sufana ya kwance notin tayar, ya matso da ita gaba kaɗan, ya daidaita ɓangarorin biyu, ya shafa mai. Aikin bai ɗauki lokaci ba. Auta yana tsaye yana kallo, amma wani abu ya tsaya masa a rai.

"Yaya, to ai har yau ina goyon Baba. Me ya sa ya daina?"

Bakaniken ya ci gaba da ɗaure noti.

"Sabuwar sarƙa takan ɗan saki in ta sha hanya," ya ce. "Wannan ma ta saki. Amma ka ji da kunnenka, da na hau ya dawo." Ya ajiye sufanar a hankali. "Ni da Baba, wa ya fi nauyi?"

"Haba Yaya, Baba ai ya ninka..."

"Ni ban san aikin likita ba. Kuma rabona da in zauna da shi sosai an kwana biyu, in na je gaisuwa yana cikin babbar riga, mu gaisa in fito. Abin da babur ya gaya mini kawai na gaya maka."

Da yamma Auta ya isa wurin masu bulo, bai yi hon ba kamar yadda ya saba. Ya tsaya daga nesa yana kallo. Baba ya dafa sanda ya miƙe, ya yi sallama da abokansa, ya taho. Rigar da Auta ya ɗinka masa da hannunsa, wadda a da take cika da shi, yanzu kafaɗarta ta zubo har kusan gwiwar hannu. Agogonsa ya zame ya sauko kan bayan hannu. Wuyansa ya fito dogo daga cikin rigar. Auta ya ji kunya ta kama shi. Shi da aikinsa ke nan, ya kalli mutum sau ɗaya ya faɗi faɗin ƙirjinsa, ga mahaifinsa a ɗakin da ke kusa da ƙofa yana zubewa bai gani ba. Kullum yana gabansa, shi kuma tsohon yana baya.

Baba ya hau. Babur ɗin ko nutsawa bai yi ba.

A gida ya sami matarsa a kicin, ya tambaye ta yadda Baba ke cin abinci.

"Tas yake cinyewa," ta ce. "Kwano fes yake dawowa, har daɗi nake ji."

Da aka zuba na Baba, Auta ya ce ta ba shi ya kai da kansa. Ya kai, ya fito, ya tsaya a tsakar gida kamar mai duba tayar babur. Jim kaɗan ya ji an buɗe tagar baya. Ya zaga. Kajin maƙwabta sun riga sun taru a gindin tagar, da gani sun san lokacin, abinci na zubo musu daga sama.

Ya koma ya yi sallama ya shiga. Baba na tsaye da kwano a hannu. Suka dubi juna. Tsohon ya zauna a bakin gado ya ajiye kwanon.

"Kada ka gaya wa 'yar mutane," ya ce. "Tana ƙoƙari. Girkinta ba laifi."

"Wani wuri ke ciwo, Baba?"

"Ba inda ke ciwo."

"To mene ne?"

Baba ya daɗe yana duban hannuwansa. "Tun ina saurayi ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba. A wurin aiki da leburori muke ci, hannu goma a kwano. A gida kuwa uwarku takan zauna a gabana, ba ci take yi ba, mita take yi. Ka ci a hankali, ka bar wa yara nama, wa ya ce ka ƙara gishiri. Yanzu sai a kawo, a ajiye, a ja mini ƙofa, don girmamawa. In na kai loma sai ta tsaya a nan." Ya nuna maƙogwaronsa. "Da rana in sha shayi a wurin su mai bulo, shi ke riƙe ni."

Auta ya fita, ya ɗauko nasa kwanon, ya dawo ya zauna a kan tabarma, ya juye rabi a na Baba. Suka ci. Tsohon bai ci da yawa ba, amma abin da ya ci ya wuce.

Washegari Auta bai buɗe shago ba, ya kai shi asibiti duk da ƙorafinsa. Likita ta auna shi, ta ɗebi jini, ta ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, amma ba ta ga wani mugun abu ba. Ta rubuta magani, ta yi wa Baba faɗa, ta yi wa Auta wanda ya fi shi.

Daga ranar aka daina kai abinci ɗakin da ke kusa da ƙofa. Aka riƙa shimfiɗa a tsakar gida, kowa ya zo. Matar Auta, da ta ji labarin kajin, ta yi kuka, sannan ta yi fushi, sannan ta ɗauki aikin mita ba wanda ya sa ta. Yayar Auta ma ta riƙa zuwa ranar hutu da mijinta, wanda ba a taɓa yi wa tayi sau biyu ba.

Baba bai koma ƙaton da yake a da ba. Shekaru sun riga sun karɓi nasu. Amma fuskarsa ta ciko, muryarsa ta dawo. Wata ranar hutu, bayan an ci an sha, ya kafa wa katangar tsakar gidan ido, ya ce wanda ya yi ta bai san aikinsa ba, ta karkace. Auta ya ce shekara da shekaru tana nan ba ta faɗi ba. Baba ya ce a kawo masa igiya da dutse. Aka kawo. Ya sa surukinsa ya hau kujera ya riƙe igiyar daga sama, dutsen na reto a jikin katangar, shi kuma ya tsuguna da ƙyar, ya rufe ido ɗaya.

Ta karkace ɗin kuwa.