Ragowar Burodin Ashake

A Ogbomosho, inda ake cewa ko akuya ka tare a hanya 'yar Baftis ce, Baba Akanbi ɗan Katolika ne, kuma bai taɓa sunkuyar da kai don haka ba. Tela ne, shagonsa na ƙarƙashin wani mangwaro, carbinsa na rataye a jikin keken ɗinki. Matarsa Ashake kuwa Baftis ce gaba da baya. Ita ce ma ke yanka burodin Jibin Ubangiji a cocinsu ranar Lahadin farko ta kowane wata, ta jera ƙananan kofuna ta zuba jan lemo.

Sun haura shekara arba'in tare, duk abin da ma'aurata ke faɗa a kai sun daɗe da cinye shi, saura wannan. Shi ya ce su sakramenti, wato ibadu masu tsarki, bakwai gare su, Baftis kuwa biyu kacal, sai ka ce shagon da ya karye. Ita ta ce shi an yayyafa masa ruwa ne yana jariri yana tsala ihu, bai ma san an yi ba, ita kuwa da ƙafarta ta shiga rafi aka nutsar da ita. A kan burodi kaɗai bakinsu ya zo ɗaya. Shi ya ce abin da Fada ya keɓe a bagade jikin Almasihu ne na haƙiƙa, nasu kuwa, tunda fasto ba firist ba ne, burodin shayi ne kawai. Ita ta ce ƙwarai, burodi ne, don tunawa ake cinsa, wa ya ce masa wani abu ne daban?

To, da an tsaya nan da an huta. Amma tun suna sabon aure, wata Lahadi Ashake ta dawo da ragowar burodin a cikin langa, ta tsaya tsakar gida ta fara kiran kaji. Akanbi ya yi wuf ya ƙwace langar. Ta tambaye shi lafiya, ya ce yunwa yake ji. Mutumin da bai daɗe da tashi daga gaban malmalar amala, tuwon Yarbawa, ba. Ya zaga bayan madafa, ya cire hula, ya cinye a tsaye, har ɗan garin da ya rage a gindin langar ya tattara da yatsa ya lashe.

Tun daga ranar yunwar nan ba ta taɓa saɓa alkawari ba, duk Lahadin farkon wata sai ta zo. In Ashake ta ce, "Baban Morenike, ba burodin shayi ba ne? Bar wa kaji mana," sai ya ce shi almubazzaranci ne ba ya so. Ita kuma ta yi dariyarta ta miƙa masa. Teburin Ubangiji dai ba su taɓa zama a kansa tare ba. Da safe a bakin ƙofa suke rabuwa, shi ya yi dama, ita ta yi hagu.

Da damina ta kama, Ashake ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya goce. Aka kai ta asibiti aka dawo da ita, ta kwanta. 'Yarsu Morenike tana Ibadan da aure, sai Akanbi ya koyi dama koko da tsufansa. Matan coci suka yi ta zuwa da waƙoƙi da lemu, fasto ma ya zo ya yi addu'a mai tsawo. Amma Jibi bai zo ba, don a koyarwar cocinsu abin taron jama'a ne, ba a ɗaukarsa a bi gidaje da shi. Shi kuwa Fada yakan wuce ta ƙofar gidansu zai kai wa wata tsohuwa maras lafiya nata. Akanbi ya tare shi ya roƙa, Fada ya ce cikin tausayi, ai ya san doka, ba 'yar Katolika ba ce.

Ashake ba ta yi ƙorafi ba. Sai dai duk Lahadin farko, in ƙararrawar cocinsu ta kaɗa, takan juya fuskarta bango ta yi shiru. Akanbi ya san wannan matar ba ta yin shiru sai abu ya ci ta, kuma abin ya fi ciwon ƙugun ƙona masa rai.

Da wata na gaba ya kama, ya fito daga tasu sujadar, maimakon ya yi gida sai ya miƙe cocin Baftis. Rabonsa da harabar nan tun ranar da aka binne surukinsa. Ya laɓe a gindin katanga har aka watse, sannan ya zaga ɗakin baya, inda ya tarar da Maman Dupe, wadda ta gaji aikin Ashake, tana wanke kofuna. Mace ce mai faɗin rai da faɗin murya, kuma duk unguwa an san ta da kiwon talotalo.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi mai jiki, ta kuma tambaya ko Paparoma ya san yana nan. Ya yi yaƙe. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce ragowar burodi ya zo karɓa. Ta ce na me? Sai bakinsa ya suɓuce ya ce na kaji.

Maman Dupe ta ce ai kuwa ya zo a daidai. Ta jawo wata leda mai ɗauke da ragowar shinkafar yara da ɓawon ayaba, wadda ta tara wa talotalonta, ta ɗauko farantin ragowar burodin za ta juye a ciki, wai ya haɗa duka ya kai musu. Akanbi bai san lokacin da ya riƙe mata hannu ba.

"Kada ki zuba. Don Allah. Ba na kaji ba ne."

Ta dube shi, ta dubi farantin, ba ta ƙara tambaya ba. Ta samo farin ƙyalle mai tsabta ta juye masa. 'Yan gutsattsari ne da ba su cika tafin hannu ba. Ya ce shi ke nan? Ai a da langa ake cikawa. Ta ce, "Baba, wannan ai aikin Mama Ashake ne. Burodi ɗaya ya ishe mu, ita kuwa sai ta yanka biyu. Shekara da shekaru muna yi mata magana, ta ce mu bar ta, akwai wanda ba ya samun zuwa."

Akanbi ya tsaya kamar an dasa shi. Shi da yake ganin yana ceton burodi daga bakin kaji, ashe rabonsa ake yanko masa. Kunya ta kama shi, wani daɗi kuma ya biyo bayanta, har ya rasa wanne zai ji.

Ya fito ya cusa hula a aljihu, ya tallafi ƙyallen da hannu biyu a ƙirji. Haka ya ga Fada na yi in zai kai wa maras lafiya, kuma mai ɗauke da wannan ba ya tsayawa gaisuwa. To, a Ogbomosho mutum ya wuce bai amsa gaisuwa ba, gara a ce ya yi sata. Mai gasa masara ta gaishe shi, shiru. Abokinsa mai faci ya ɗaga masa hannu, ko kallo. Wani ɗan acaɓa ya ce ya hau kyauta, ya wuce shi da sanƙo a rana. Kafin ya kai gida labari ya riga shi, wai jinyar mata ta taɓa kan Baba tela.

Ya shiga ɗaki ya ɗora ƙyallen a kan kujera kusa da gadonta, ya buɗe. Ashake ta daɗe tana kallo. Idonta ya ciko, amma bakin nan nata ko ciwo bai iya da shi ba.

"Baban Morenike, har cocinmu ka je? Don burodin shayi?"

Ya ce hanya ce ta biyo da shi, ta ci kawai ta daina surutu. Ya juya zai fita ya ba ta wuri, ta kira shi. Ta ce a wurinsu mutum ba ya cin wannan shi kaɗai, shi ya sa ma fasto bai kawo ba. Sai an taru, ko da mutum biyu ne. In zai fita, to ya tafi da abinsa ya ba kaji.

Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce ta san fa shi ɗan Katolika ne, Fada ba zai ji daɗi ba.

"Fada ya hana ka cin burodi da matarka? Kai ka ce burodi ne kawai. Shekara arba'in kana faɗa."

Ya buɗe baki, ya ga duk ƙofar da zai bi ya fita shi ya toshe ta da hannunsa. Ya dawo ya zauna a bakin gadon, ya tallafo ta ta jingina da kafaɗarsa. Ta yi addu'a gajeriya irin tasu, shi kuma ya yi alamar gicciye irin tasa, ba wanda ya gyara wa wani. Ta ɗauki guda ta sa masa a tafin hannu, ta ɗauki guda.

Ya kai baki. Ta ce yau dai ya ci a zaune.