Ranar da Tela Ya Ci

A ɗakin wankin ƙoda, gadon Tela na kusa da na Direba. Kowannensu hannu ɗaya na maƙale da robar na'ura, ɗayan ne kawai yake iya motsawa. Direba, wanda ya girme shi nesa, shi ya fara zazzage ashana a ɗan teburin da ke tsakaninsu, ya jera tsinkayen layi uku.

"Ka ɗebi iya son ranka, amma daga layi ɗaya. Sai ni ma in ɗiba. Wanda aka bar wa tsinken ƙarshe, an cinye shi."

"Shi ke nan?" in ji Tela.

"Shi ke nan, ƙanena."

Tela ya yi dariya, ya ce ai wannan wasan yara ne. Ranar bai ci ko sau ɗaya ba. Haka aka yi ta tafiya, wata na bin wata. A shago yakan jera allurai a kan keken ɗinki yana gwadawa, har matarsa ta ce ko ciwon ya haura kai ne. Direba kuwa ko kallon teburin ba ya cika yi. Yana ba da labarin tayoyin da suka fashe masa a hanya, hannunsa na ɗiba.

Wata safiya Tela ya ci. Har ya buɗe baki zai kira nas ta zama shaida, sai ya ga fuskar abokinsa. Direba na kallon tsinken da ya rage kamar bai san inda ya fito ba. Suka sake, Tela ya kuma ci. A na gaba Direba ya ɗebo daga layi biyu lokaci guda, bai ma lura ba.

 Da aka sake jerawa, Tela ya yi kuskure da gangan. Direba ya dafe masa hannu.

"Mayar. Kaina ne ya fara guduna, idona na nan. Likita ya gaya wa 'yata ciwon mantuwa ne, ta ɗauka ban ji ba. In za ka ci ni, ka ci ni da gaske."

Tela ya mayar da tsinken, ya ɗebi wanda ya kamata, ya ci, sannan ya juya fuska wajen bango.

Daga baya 'yar ta mayar da mahaifinta asibitin da ke kusa da gidanta. Da Tela ya je duba shi a gida, Direba bai gane shi ba, amma ya matsa masa a kujera, ya ce, "Zauna, bawan Allah, ka sha hanya."

Tela ya zauna. Ya lura hammatar rigar dattijon ta farke, ya roƙi 'yar ta kawo allura da zare, ya ɗinke ta a jikinsa, Direba na ɗage da hannu yana jira.