Hannuna a Cikin Miya

A bara na koyi cin abinci a tsaye, a gaban gandireba, da cokalin da ba nawa ba. Dokar gidan yarin ke nan: duk wanda ya kawo wa ɗaurarre abinci sai ya kai loma biyu a gabansu, sannan su cakuɗa sauran suna neman abin da aka ɓoye. Shinkafar da na ɓata safiya ina gyarawa, cikin minti ɗaya sai ta koma kamar abincin kaji.

Ɗana nake kai wa. Dogo muke ce masa, direban motar raba burodi ne. Ya buge wani tsoho a kan keke, ya gudu, ya zo ya maƙale a ɗakina bayan keken ɗinki. Kwana biyu ina ba shi abinci a nan. A rana ta uku na ji tsohon ya cika, na sa takalmina na tafi wurin 'yan sanda da ƙafata. Ba wanda ya tilasta ni. Aka yanke masa shekara huɗu, kuma tun daga kotu bai sake kallon inda nake ba.

Duk Asabar nake kai kula mai hawa uku, duk Asabar a dawo mini da ita da nauyinta.

"Mama, ya ce ya ƙoshi," in ji gandireban.

"Da me ya ƙoshi? Da ruwan wakenku?"

Sai kawai ya kira na bayana.

Shekarar ba ta raga mini ta ko'ina ba. Ƙannen mijina marigayi suka daina gaishe ni. Masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, wai macen da ta miƙa ɗanta me za ta bari. Ko a jikina. Abin da ke cin raina shi ne nauyin kular nan a hanyar komawa gida.

A layin masu kai abinci akwai wata tsohuwa da muke kira Mai Lema, don ko hadari babu tana riƙe da ita. Ɗanta makanike ne, ɗakinsu ɗaya da Dogo. Wata Asabar ta same ni a bencin da ke jikin katanga, na tasa kula a gaba ina hararar ta.

"Ke, buɗe mana mu ci," ta ce. "Abinci ba shi da laifi."

Ta yafito wasu mata biyu, muka sa hannu. Tun da aka tafi da yaron nan ban ci da kowa ba sai ranar. Ta suɗe yatsu ta ce gishiri ya yi kaɗan, na ce bakinta ne ya tsufa. Muka yi dariya, ni har da hawaye.

Ita ta kawo dabarar. A ɗakin su goma sha ɗaya ne, duk abin da aka kawo wa mutum a faranti ɗaya ake juye shi, kowa ya sa hannu. Abincin da ya shiga da sunana ne kawai Dogo ke korowa tun daga ƙofa.

"Ki zuba a kulata, in shigar da sunan ɗana. Amma ki dafa irin nawa. Mai da yawa, tumatir da yawa, kada ki yi gwaninta."

Mako shida muna haka. Kular tana fitowa wayam, makanike yana gaya wa uwarsa Dogo ya fi kowa sa hannu, kumatunsa sun fara dawowa. Na riƙa komawa gida da sauri, har ɗinki na koma yi da waƙa.

A mako na bakwai daɗi ya kwashe ni. Na saki hannuna. Na soya albasa har ta yi duhu ta kusa ƙonewa, na daka citta na zuba a ƙarshe, yadda yake so tun yana rarrafe. Na san abin da nake yi. So nake ya ci, ya san nawa ne, ya ci gaba da ci.

Asabar ta gaba Mai Lema ta fito daga ɗakin ziyara, ta zauna kusa da ni ba ta buɗe lemar ba.

"Loma ɗaya ya kai, ya tashi ya wanke hannu," ta ce. "Tun ranar bai sake matsowa kusa da farantin ba. Ba naki kaɗai ba, na kowa. Ya ce bai san ta wace kula za ki sake shigowa ba. Abincin gidan kawai yake ci, shi ma rabi. Ga tari ya kama shi."

"To ni zan sayo kayan, ke ki dafa. Ba zan taɓa ko ludayi ba."

Ta girgiza kai. "Ya ce sai ɗana ya rantse masa babu ko ƙwayar gishirinki a ciki. Ɗana kuwa ba zai rantse a kan ƙarya ba, ni ma ba zan sa shi ba."

Na zage ta, Allah ya yafe mini. Na zagi ɗanta, na zagi nawa, na zagi albasa. Ta bar ni na gama.

"'Yar nan, zaɓi ɗaya," ta ce. "Ko ya ci, ko ya ci naki."

Na cire hannuna. Makanike ya rantse, rantsuwarsa kuma gaskiya ce.

Har yanzu ina zuwa duk Asabar, amma ba na shiga layi. Ina zama a benci da kulata, matan da suka fito su zauna mu ci tare, su ba ni labarin ciki. Makon jiya Mai Lema ta ce tarin ya lafa, ya cinye rabonsa har ya kankare faranti.

"Bai ce komai ba?"

Ta daɗe tana juya loma a hannu. Ba ta iya ƙarya ba, shi ne aibinta.

"Ya leƙo lokacin ziyara ya gaishe ni. Ya ce, Mama, Allah ya saka, ban taɓa cin miya irin taki ba."

Na ce Alhamdulillahi, tunda yana ci. Na tura mata sauran naman gabanta.