Furen Balarabe a Kaskon Kulu

Shekarar da aka ce za a naɗa sabon Sarkin Noma a Karare, kowa ya san sarautar ta Haliru ce, don shi ya ɗaure dami dubu. Daudu kaɗai bai sani ba. Damin Daudu bai kai sittin ba, amma baki, Allah ya ba shi.

Ya je kasuwar Katsina ya dawo da ɗan ƙulli a bakin rawani. Matarsa Kulu, maginiyar tukwane, ta kwance ta ga iri ƙanana kamar na taba.

"Malam, mi ne ne wanga?"

"Furen ƙasar Larabawa ne. Wani Balarabe ya ba ni. Gero kowane jaki yana nomawa. In na kai wa hakimi abin da ido bai taɓa gani ba, wa za ya tuna da Haliru?"

Balaraben ya yi masa bayani dalla-dalla: a yafa a kasko lokacin ɗari, a rufe da ƙasa kaɗan, a ajiye a inuwa, don furen sanyi yake so. Daudu ya riƙe komai ban da na ƙarshen. A ganinsa Balarabe bai iya Hausa ba ne. Wane abu mai rai ke son sanyi?

Ya kwashe kasake goma sababbi fil daga cikin na Kulu, ya huda gindinsu tana kallo, ranta na ƙuna. Ya jera su a kan gadon ƙasa na ɗakinta, ya hura wuta a ƙarƙashi kamar an yi haihuwa. Har ruwan da za a ba su sai an ɗumama. Kulu ta haifa masa 'ya'ya biyar, ba ta taɓa ganin ya tsaga itacen jego ko guda ba, sai ga shi yana faskare saboda ciyawa.

Kwana ashirin, kasake tara ko tsiro babu. Na goman ya tsage da zafi, Kulu ta jefar da shi bayan randa, inda rana ba ta kaiwa, ruwan moɗa na ɗiga. Wata biyu da 'yan kwanaki ta je ɗiban ruwa ta ga fure uku, shuɗi da rawaya, da baƙin tabo a tsakiya kamar fuskar kyanwa. Ta daɗe a tsugune, don gaskiya sun yi kyau.

"Ka gani, Malam? Balarabe ya yi gaskiya, sanyin suke so."

"Ke mi kika sani? Ɗumin da suka sha tun farko ne ya tashe su."

Ranar da hakimi ya sauka Batsari domin naɗin, Daudu ya naɗe kaskon da gwado biyu kada iska ta taɓa shi, ya jira rana ta take don kada furen ya ji ɗari, ya ɗauka a ka. Kulu ta ce ya tahi da asuba, a buɗe. Ko waiwaye bai yi ba.

A gaban jama'a ya durƙusa ya yaye gwado. Hakimi ya leƙa, ya ga wani abu kwance kamar dafaffen rama, ya tambaya ko miya aka kawo masa.

Da la'asar kiɗan naɗin Haliru ya iso har cikin gida. Daudu ya shigo ya ajiye kaskon, ya ce da ya ƙara gwado na uku da sun kai lafiya. Kulu ta karɓi kaskonta ta zubar da ƙasar, ta kife shi ya zama mazaunin kaji.