Kwandon Gwaggo Crocifissa

Tun da gwiwoyin Gwaggo Crocifissa suka daina shiri da matakala, kwando ne ya zama ƙafarta. Kullum da safe takan zuro shi da igiya daga barandar benenta a tsohon garin Ragusa, Tano mai burodi ya tsayar da motarsa ya saka mata mai zafi, ta ja abinta. Haka uwarta ta yi, ba wanda ya taɓa ɗaga kai.

Sai ga masu yawon buɗe ido. Wai fuskokin dutsen da aka sassaƙa a ƙarƙashin barandar ne suka taso su daga uwa duniya, munanan fuskoki masu gwalo da tattabaru suka daɗe da mayarwa masai. Mutum da hankalinsa ya hau jirgi don kallon kashin tattabara!

Saro, ɗan ƙanenta, wanda ya mayar da ƙasan gidan masaukin baƙi, ya hau yana haki.

"Gwaggo, kwandon nan yana ɓata fuskar gidan. Ginin tarihi ne fa."

"Tarihin ne zai hawo mini da burodi? Ko kai, da ko gaisuwa sai ka ga dama?"

Ana cikin haka baƙi suka ƙyalla ido suka ga kwandon yana saukowa, suka yi masa caa da wayoyi. Nan take Saro ya sauya baki: ashe kwando al'ada ce mai daraja. Shi da sauran masu masauki suka yi ta kai gwauro suna kai mari, har aka hana motoci shiga layin don baƙi su ɗauki hoto a natse. Ba wanda ya tuna ya gaya wa tsohuwa.

Washegari ta zura kwando, yunwa na cinta. Ba ta ji odar motar Tano ba, sai taro a ƙasa da Saro a gaba.

"Ina Tano?"

"Gwaggo, ɗan murmusa mana!"

"Don ƙaniyarka, na ce ina Tano?"

"Mota ba ta shigowa yanzu. Ja a hankali, suna ɗauka."

Ta ja, ta ga burodi mai sheƙi a ciki, ranta ya ɗan yi sanyi. Ta kai hanci, babu ƙamshi. Ta matsa, ya lotsa ya dawo. Na roba ne, ya fi kyau a hoto.

Daga ƙasa tafi ya ɓarke, wani baƙo yana nuna mata da hannu ta sake zurowa.