Ranar da Muka Durƙusar da Raƙuma

Mahaifina ya ƙarar da mafi yawan ƙarfinsa wajen ɗaga mota ɗaya daga ƙasa. Ba sana'arsa ba ce. Shi ma'aikacin safiyo ne, mai awon filaye, kuma a kan wannan aikin ya yi ritaya. Amma tun ina ƙarami na san ranakun hutunsa na tsohuwar motar nan ne mai ja da tayoyi huɗu, wadda ya saya tana daidai da kowace mota, ya kuma ƙi barinta haka. Ya cire sifirin ɗin da ta zo da su ya sa dogaye, ya rataye tsofaffin da waya a bangon gareji, domin shi ba ya zubar da ƙarfe. Ya sauya shokozoba. Ya sa mata tayoyi masu manyan haƙora. Da ya ga matakalar da ke ƙarƙashin ƙofa tana kama dutse idan yana hawan tsauni, sai ya kai ta wurin amininsa mai walda, wanda nake kira Baffa, ya sa aka yanke ta. Daga ranar Umma ta daina shiga motar. Ita ce ta raɗa mata suna Raƙuma cikin fushi, sunan kuwa ya bi ta har Baba da kansa ya karɓa.

Abin da ya fi alfahari da shi ƙarami ne. Idan motar tana tsaye a tsakar gida, wanda ya zauna a kujerar direba yana hango abin da ke bayan katangarmu: titi, rufin maƙwabta, da shuɗin layin tsaunuka can nesa. Da safe yakan hau da kofin shayinsa ya zauna, ba tare da ya tayar da inji ba.

Na gama jami'a na dawo gida ina jiran aikin da bai zo ba, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ɓarin dama ne. Hannun ya mutu, ƙafar ta yi nauyi, magana tana fita a karkace. Bayan an sallamo mu daga asibiti aka haɗa mu da wata mai gashin ƙashi da ke zuwa gida. Ta gaya mana a fili cewa ƙafar tana iya dawowa idan ya riƙa motsa ta kullum, idan kuma ya bar ta za ta sandare, ba zai sake tafiya ba. Baba ya saurare ta da ladabi, ya juya fuskarsa bango. Duk abin da ta kawo, robar ja da ƙwallon matsawa, ya bar su inda ta ajiye.

Wata safiya ya kira ni.

"Ɗauko tef ɗina," ya ce. "Ka auno mini daga ƙasa zuwa dokin ƙofar Raƙuma."

Na auno. Ya sa na ja layi da alli a bangon ɗakinsa, kusa da taga, daidai wannan tsayin. Layin ya wuce gwiwata.

"Ranar da diddigena ya taɓa wannan, zan shiga motata," ya ce. "Da ƙafata. Ba wanda zai ɗauke ni kamar buhun siminti."

Daga ranar gidan ya sami sabon sauti. Kowace safiya yakan kama ƙarfen taga da hannun hagu, ya tsaya a kan ƙafar hagu, ya ja ta dama sama tana gogar bango. Takalminsa yana barin baƙin tabo inda ya tsaya. Da farko tabon bai wuce idon sawu ba. Sannu a hankali ya hau. Ina kwance a ɗakina ina jin gogar nan da nishinsa, in rasa ko daɗi nake ji ko tsoro. Na tambayi mai gashin ƙashi a ƙofar gida ko tana ganin zai kai layin.

"Ni layin bai dame ni ba," ta ce. "Ya dai ci gaba da ɗagawa."

Na ji maganar sarai. Amma bayan 'yan makonni ya faɗi.

Hannunsa ne ya zame daga ƙarfen. Na same shi a ƙasa tsakanin gado da bango, girarsa ta fashe a gefen gadon, jini ya rufe masa ido ɗaya. Na miƙa hannu.

"Kada ka taɓa ni."

Na tsaya a kansa ina kallon mahaifina yana jan jiki a kan siminti, yana neman ƙafar gado da hannu ɗaya. Umma tana bakin ƙofa da ƙyalle a hannunta, ita ma ya hana ta matsowa. Ya daɗe kafin ya hau gadon. Sai da ya zauna ya yarda aka goge masa fuska.

Da yamma Umma ta same ni a kicin. Ba ta ɗaga murya ba.

"Motar nan ta ci shekaruna, yanzu kuma tana neman ta ci mini miji. Gobe idan ƙeyarsa ce ta bugi gadon fa? Ko dai ta bar gidan nan, ko ka san yadda za ka yi ya shige ta ya huta, mu ma mu huta."

Na shiga gareji na tsaya a gaban tsofaffin sifirin ɗin da ke rataye. Tunanin da ya zo mini ya yi kama da tausayi ƙwarai, har ban tsaya na bincike shi ba. Idan ba zai iya hawa zuwa ga motar ba, motar tana iya saukowa ta same shi. Zai shiga, zuciyarsa ta yi sanyi, ya ci gaba da motsa ƙafar ba tare da ya kashe kansa a jikin bango ba.

Na ce wa Baba za a kai ta juyen mai don kada ta lalace a tsaye. Na loda tsofaffin sifirin a baya na tuƙa ta zuwa shagon Baffa.

Baffa ya ɗaga gilashin waldarsa ya saurare ni har na gama.

"Wato ni na yanke mata matakala, ni kuma zan durƙusar da ita," ya ce. "To, ko Allah ya sa uwarka ta fara amsa gaisuwata da haƙora a waje. Amma ɗana, tsohon nan mai awo ne. Da ido yake gaya maka ƙofa ta karkace."

"Idonsa ba kamar da ba ne, Baffa. Tayoyin ba za mu taɓa ba. Sifirin kawai."

Ya dubi motar.

"An ce har jini ya fitar?"

"Har jini."

"Ɗauko jak."

Muka ɗaga ta muka tokare ƙirjinta da guntayen katako masu kauri. Muka cire tayoyi. Notunan shokozoba sun yi tsatsa sun ƙi motsi, sai da muka jiƙa su da mai, Baffa ya ƙara wa sifana tsawo da bututu muka danna tare. Duk bugun guduma sai busasshiyar laka ta zubo mana a fuska, wata ja, wata baƙa, wata fara kamar toka, ƙasar wuraren da Baba da Baffa suka je su biyu tun kafin in san kaina. Baffa yana tofar da ita yana ba ni labari: ga ta kogin da suka maƙale har ruwa ya shigo ta ƙofa, ga ta tsaunin da Baba ya rantse akwai hanya, suka iske babu.

"Ubanka bai taɓa ɓata ba a rayuwarsa," ya ce. "Hanya ce kullum take ɓata."

Dogayen sifirin suka fita da ƙyar, gajerun suka shiga ba gardama. Da muka sauke jak, motar ta zauna da wani ɗan kuka na ƙarfe. Ta ragu da taki ɗaya da ɗan wani abu. Baffa ya ƙara rage wa tayoyin iska, yadda suke yi idan za su shiga yashi. Na ja da baya na dube ta. A idona Raƙuma ce, ba abin da ya canza.

Washegari da hantsi na ajiye ta a wurinta na kullum a tsakar gida. Na shiga na ce wa Baba mai gashin ƙashi ta ce lokaci ya yi da zai gwada ainihin motar, domin bango ba shi da abin kamawa irin nata. Ya dube ni, ya dubi layin allin.

"Ban kai ba tukuna."

"Gwaji ne kawai, Baba."

Ya sa Umma ta ɗauko masa hular da yake fita daji da ita. Ya fito yana dogara sanda, yana jan ƙafar dama, filasta a girarsa. Rabonsa da tsakar gida tun kafin ciwon. Baffa yana jingine da katanga.

"Ka ga direba," in ji Baffa. "Da tafiyar nan taka, kafin ka iso man da ke tanki ya bushe."

"Kai da ko da ƙafa biyu sai an tura ka ta baya kake hawa," Baba ya ce, bakinsa a karkace. "Matsa mini, maƙeri."

Na buɗe ƙofar. Ya miƙa mini sandar, ya kama mariƙin da ke saman ƙofa da hannun hagu. Na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi. Ƙafar ta rabu da ƙasa tana rawa, ta hau, ta hau, diddigen ya wuce dokin ƙofar ya sauka a ciki. Ya ja jikinsa da hannu ɗaya ya faɗa kan kujera.

Ya yi dariya. Rabin fuskarsa ne kawai ya yi ta, amma dariya ce, irin wadda ban ji ba tun da na dawo gida. Umma ta rufe bakinta da gefen mayafi.

"Kun gani?" ya ce. "Ke da kika ce a sayar, kin gani?"

Ya ɗauki mataccen hannunsa da mai ran ya ɗora a kan sitiyari. Ya gyara zama. Sannan ya ɗaga kai ya dubi gabansa.

Dariyar ba ta ɗauke nan take ba, a hankali ta janye. Ya miƙe wuya. Ya dafa kujera ya ɗan ɗaga jikinsa, ya koma. Daga inda nake tsaye na bi idonsa. Babu titi, babu rufin maƙwabta, babu tsauni. Bulo ne kawai da tsohon fenti.

"Wa ya ƙara wa katangar nan tsawo?" ya ce.

Baffa ya sunkuyar da kai yana murza wani noti a tafin hannunsa. Baba ya juya ya dubi cikin gareji ta buɗaɗɗiyar ƙofa, inda waya take lilo a bango ba komai a jikinta. Daga nan ya dawo da idonsa kaina.

"Nawa kuka rage?"

"Taki ɗaya da ɗan wani abu, Baba."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka karanta wa awon fili.

"Kun ɗaure notunan shokozoba sosai?"

"Mun ɗaure."

"Madalla. Aiki ya yi kyau."

Baffa ya fara magana, ya kira shi da wani tsohon sunan tsokana na ƙuruciyarsu. Baba bai waiwaya ba. Ya cire hular ya ajiye a kujerar gefe, ya sauke hannun daga sitiyari, ya miƙo mini na hagun.

"Zo ka ɗauke ni."

Na zaci ban ji daidai ba. Na miƙa masa sandar.

"Ajiye wannan. Ɗauke ni."

Na sa hannu ɗaya a bayansa, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na ratsa tsakar gida da shi, kansa a kafaɗata, Umma ta riga mu ta ɗaga labule.

Washegari na farka ina jiran gogar takalmi a bango. Babu. Rana ta biyu ma haka. Na koma shagon Baffa muka mayar da dogayen sifirin, muka cika tayoyi da iska, ba wanda ya ba da labari a wannan karon. Na dawo da ita na auna da tef ɗinsa, ta koma daidai tsayinta na da. Na shiga na gaya masa.

"Ka wahalar da kanka," ya ce. Bai yi fushi ba. Da ya yi, da na sami abin kamawa.

Mai gashin ƙashi tana zuwa har yanzu. Tana lanƙwasa ƙafar yana barinta, kamar ƙafar wani ce aka ba shi ajiya. A zuwanta na baya ta ce mini gwiwar ta fara ƙin miƙewa, ta tambaye ni me ya faru da layin. Na ce yana nan.

Yana nan kuwa. A ƙarƙashinsa baƙaƙen tabon takalmi sun jeru suna hawa bango, kowane ya ɗan ɗara na jiya. Ranar da nake share ɗakin yana barci, na durƙusa na ɗora hannuna tsakanin tabo na ƙarshe da allin. Yatsuna uku suka rufe wurin.

Yanzu ni nake ɗaukarsa kowace safiya zuwa banɗaki, in dawo da shi. Hanyarmu tana bi ta gaban tagar da ke kallon tsakar gida. Idan muka iso nan yakan rufe ido har sai mun wuce.