Abin da Teloli Ke Tambaya

Auta ta ture gwangwanin mai gefe, ta ajiye kwamfutarta kusa da wani keken ɗinki da aka farke wa ciki, ta sake karanta wa mahaifinta tambayar a hankali, kamar mai lallashin yaro ya sha magani.

"Baba, mutane suna rubutawa a intanet, me ya sa kekena yake tsinke zare. Me zan ce musu?"

"Ki ce su kawo shi."

Amsar da ya ba ta ke nan a kan allurar da ke karyewa, ita ya ba ta a kan keken da ke tsallake ɗinki, ita kuma zai ba ta ko da ta tambaye shi ƙarfe nawa. Ta cika ta yi fam, amma ta haɗiye, don ba a yi wa Baba tsaki.

Baba ya fara gyaran keken ɗinki tun kafin a haife ta. A da sai an yi layi a ƙofar shagon. Yanzu yaran teloli duk wanda waya ta nuna musu shi suke kai wa, shagon kuma ya koma wurin sauraron rediyo. Yaya, babban wanta, ya riga ya yanke hukunci: wa'adin haya na ƙarewa ƙarshen shekara, Baba ya mayar da makulli ya zauna gida ya huta. Auta ta san irin wannan hutun. Tun rasuwar Mama babu komai a gidan sai kujera da talabijin. Shagon nan shi ke sa Baba ya yi wanka da safe, ya goge takalmi, ya fita yana faɗa da masu babur. Ta roƙi Yaya ya ba ta zuwa ƙarshen shekarar, ta ci alwashin sai ta dawo da mutane ƙofar shagon.

Ba cika baki ta yi ba, aikinta ke nan a ofis. Takan binciko abin da mutane ke yawan rubutawa in suna neman wani abu a intanet, ta tsara wa kamfani shafi guda a kan kowace tambaya, har injin bincike ya ɗauko su ya sa a sahun farko. Ta yi wa masu sayar da katifa, ta yi wa masu inshora, waɗanda ba ta haɗa komai da su ba. Ashe mahaifinta ne zai gagare ta.

Da farko ta bi shi a yadda yake so. Ta buɗe wa shagon shafi, ta rubuta tambayoyin, ƙarƙashin kowacce ta yi ta kewaye-kewaye har ta ƙare da a kawo keke shago. Shafin ya je ya kwanta can ƙasa, inda ko wanda ya ɓata hanya ba ya kaiwa. Ta yi wa Baba bayani cewa injin yana lura: in mutum ya shigo bai sami amsa ba ya fita nan take, sai a ɗauka shafin ba shi da amfani. Dole a ba mutane amsa ta gaskiya.

Baba ya sauke tabarau zuwa kan hanci ya dube ta.

"Wato in koya musu sana'ata kyauta, sannan su zo su biya ni ladan koyarwa?"

Ta ce ai haka ake samun yarda, wanda ya amsa maka ƙaramar tambaya shi za ka nema ranar babbar matsala. Wannan maganar ta sha faɗinta a ɗakin taro, manyan mutane masu ɗaure da taye a wuya suna gyaɗa kai. Baba bai gyaɗa ba. Ya ƙara muryar rediyo ya ci gaba da goge wata ƙoshiyar keke da ba ta bukatar guga.

Sai ta daina tambaya, ta koma kallo. Duk ranar da ba ta da ofis tana shagon, wai ta zo taya shi hira. Wanda ya fi ba ta abin kallo shi ne wani tsohon tela daga layin bayan kasuwa, wanda Baba ke kira Sarkin Ƙorafi. Kusan kowane mako sai ya shigo rungume da kan kekensa, yana rantsuwa wannan karon keken ya mutu murus. Baba zai juya allura, ko ya sassauta wani noti, ko ya hure ƙurar zare daga ƙasa, kafin shayi ya huce an gama. Daga nan su zauna su yi ta musu a kan ƙwallo har la'asar, kowa na cewa ɗan'uwansa bai san komai ba. Auta tana gefe tana ɗaukar hannun Baba a waya. Da ya tambaya ta ce na tarihi ne, ya ji daɗi har ya gyara zama.

Ta koma ta jera tambayoyin yadda aka koya mata, mai yawan masu nema a sama. Tsinkewar zare ce kan gaba da nisa, sai tsallaken ɗinki, sai zaren da ke cukurkuɗewa a ƙasan yadi. Can ƙasa akwai irin su injin keke da ya ƙone, da masu neman mai gyara kusa da su, amma masu rubuta waɗannan ba su taka kara sun karya ba. Ta ce sai daga baya. A ofis ba a ɓata lokaci a kan ƙananan lambobi, kuma ita ce ke koya wa sababbin ma'aikata hakan.

Ta rubuta amsoshin tsaf, mataki bayan mataki, ta haɗa da bidiyon hannun Baba. Ba ta rage komai ba, don ta san abin da injin ke so. Shafin ya fara hawa. Ranar da ta rubuta tambayar zare ta ga sunan shagon a saman kowa, sai da ta tashi ta zaga teburinta. Ta ɗauki hoton shafin ta tura wa Yaya. Shi kuwa, da yake Allah bai ba shi baiwar taya murna ba, ya tambaye ta mutum nawa suka shigo shagon.

Ta ce a yi haƙuri, abin yana ɗaukar lokaci. Ta faɗa masa haka a watan farko da ƙarfinta, a na biyu da rabin murya. Masu karatu kam ga su nan kamar ƙasa, daga garuruwan da ba ta taɓa jin sunansu ba, suna ta sa albarka a ƙasan shafin. Wayar shago takan yi ƙara jefi-jefi, wani ya yi tambaya, Baba ya ce a kawo, a ce masa ai daga nesa ne, a kashe. Ƙofar shagon kuwa shiru, har ta fi da. Abin ya ɗaure mata kai ya kuma ba ta haushi. Ta sauya kanun shafi, ta ƙara girman lambar waya, ta sa taswira, duk a banza.

Har Sarkin Ƙorafi ya ɗauke ƙafa. Tana ganin yadda Baba yake ɗaga kai duk lokacin da inuwa ta gitta ƙofar. Wata rana ya ce ko dai tsohon nan ba shi da lafiya ne, don kekensa bai taɓa yin wata guda lafiya ƙalau ba.

Ana haka sai ga shi da hantsi, garau, hannu na dukan cinya, ba keke ba dalilinsa. Ko zama bai yi ba ya ciro waya yana washe baki. Ya ce godiya ya zo yi. Wani ne ya tura shafin a zauren teloli na waya, yanzu duk layinsu da shi ake aiki. Shi kansa ya gyara zarensa, ya gyara na maƙwabcinsa, jiya ma har wata mata ya duba wa nata.

"Ina ganin hannun na ce wannan na mutumina ne, ga tabon nan a babban yatsa. Allah ya saka da alheri. Shekara da shekaru muna wahalar da kai a kan abin da bai kai ya kawo ba, ka ga yanzu mun hutar da kai."

Ya miƙa wa Baba wayar. Baba ya kalli hannunsa yana juya allura a cikin ɗan gilashin, ya kalla har bidiyon ya ƙare ya sake farawa. Sannan ya ɗago ya dubi Auta, kallo ɗaya, ba faɗa a cikinsa. Da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

A tsaye a wurin ta gane abin da ta yi. Mai tambayar me ya sa zare ke tsinkewa ba mai gyara yake nema ba, hanyar da zai kauce wa zuwa wurin mai gyara yake nema. Waɗannan ƙananan matsalolin su ne cin yau da gobe na shagon, su ne kuma ke kawo wa Baba abokan hira. Ita ta tattara su ta raba wa duniya, don kawai lambarsu ta fi girma.

Sarkin Ƙorafi bai lura da komai ba. Ya ce ba zai zauna ba, aiki ya yi masa yawa. Baba ya tambaye shi da me yake kwance notin. Ya ce da bakin almakashi. Baba ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko ƙaramin sukudirebansa mai jan mariƙi, ya goge shi da gefen riga ya miƙa masa.

"Ungo. Kada ka cinye kan notin."

Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta godiya har ya fita.

Auta ta matso ta ce za ta sauke shafin yau ɗin nan, za ta sake tsari, akwai tambayoyin da ta bari a ƙasa, waɗanda dole sai an zo. Har yanzu shekara ba ta ƙare ba.

"Bar shi," in ji Baba. "Ba ki yi ƙarya a ciki ba. Kuma wanda ya riga ya iya, ya iya."

Ya rufe aljihun teburin a hankali, ya zauna yana duban kawunan kekunan da ke jere a kan kanta, waɗanda masu su ba su taɓa dawowa ɗauka ba.

"Kira mini yayanki," ya ce. "Ki ce in zai zo ya taho da kwalaye, masu ƙwari, don ƙarfe ne."